Darasi 444 a mako: lissafin da ke ɓoye a jadawalin makarantar sakandare

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin mataimakin shugaban makarantar sakandare ya san kwalin nan da ake mannawa a bango, mai layuka da gidaje, wanda ake kira jadawalin darussa. A gabashin Sakkwato, daga Turba cikin ƙaramar hukumar Isa har zuwa Sabon Birni, mai zana wannan kwali kan ƙare da fensir da abin gogewa a hannu. Dalilin yana cikin alƙaluma.

Mu ɗauki misali don lissafi. Makarantar jeka-ka-dawo ce, daga JSS 1 zuwa SS 3, kowane aji an raba shi A da B, ajujuwa 12 ke nan. Darasi na cin minti 40. Daga Litinin zuwa Alhamis ana yin takwas kowace rana, ranar Juma'a kuma biyar don a samu masallaci. Kowane aji yana da darasi 37 a mako. A ninka 37 sau 12, sai a samu 444. Waɗannan su ne gidajen da ke kan kwalin, kuma kowane gida yana jiran sunan malami.

In aka ɗora wa malami darasi 24 a mako, don ya samu sararin duba littattafan yara da rubuta shirin darasi, ana bukatar malamai 19. In su 12 ne, kowa zai shiga aji daga ƙararrawar farko har ta tashi, kullum, ba hutu sai lokacin tara. In kuwa 11 ne, rabon kowa ya haura 40, alhali mako ɗaya 37 kawai yake da shi. Nan dabara ta ƙare. Dole wani aji ya zauna babu malami, sai fa in firinsifal da kansa ya ɗauki alli.

Jimillar malamai ma takan yaudari mai karanta rahoto. Lissafi da Turanci kowanne kan ci darasi biyar a mako a kowane aji, wato 60 da 60, sun tashi 120, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jadawalin. Malamin lissafi ɗaya, komai ƙwazonsa, ba zai wuce 37 ba, sai 23 su rage a ƙasa. Uku ake bukata. Makaranta na iya samun malamai 19 cif a takarda, amma in ɗaya ne kaɗai ya karanci lissafi, sai a ga an damƙa wa malamin tarihi aljebra. Fiziks kuma matsalarsa ta daban ce: ajujuwan kimiyya uku, darasi huɗu-huɗu, 12 kacal. Mutum ɗaya ya isa har da saura. Amma ran da ya nemi canjin wurin aiki zuwa cikin garin Sakkwato, fannin ya rufe gaba ɗaya, ga shi WAEC ba ta yi wa ɗalibi rajista da ƙasa da darussa takwas.

Sai kuma abin da kowane Bagobiri ya sani. A Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 a yankunan da ake fargabar hari, har da na Isa da Sabon Birni. Inda karatu ya ci gaba, tsoron hanya yana da nasa lissafin. A ce an yanke darussa biyu na ƙarshe daga Litinin zuwa Alhamis don malamai da yaran ƙauyuka su isa gida da rana tsaka. An rasa takwas a mako, 37 ta koma 29. A makonni 10 na koyarwa an rasa 80, a zango uku 240, daidai da sa'o'i 160, wajen makonni shida da rabi. Ba wanda ya sanar da rufe makaranta, amma fiye da rabin zango ya salwanta. Ban ma sa ranakun shuka ba, da yara ke bin iyayensu gona daidai lokacin da jarabawa ke ƙaratowa.

Mafitar da aka fi bi wajen ƙarancin malamai ita ce haɗe A da B. Nan take 444 ta koma 222, malamai 10 sun wadatar, kwalin ya yi kyau a bango. Sai dai aji mai yara 40, wanda shi ne ma'aunin da manufar ilimi ta ƙasa ta ajiye wa malami ɗaya a babbar sakandare, ya zama mai 80. Malamin Turanci da ya ba da insha'i ɗaya, in ya ba kowace takarda minti uku, sai ya yi awa huɗu yana dubawa. Ba zai sake bayarwa a wannan watan ba, ni kuma ban ga laifinsa ba.

Jami'in da Ma'aikatar Ilimi ta Sakkwato za ta tura Isa ko Sabon Birni, kada ya tsaya ga tambayar malamai nawa ke cikin rajista. Ya nemi a sauko masa da kwalin bango, ya ƙirga gidajen lissafi da Turanci da kimiyya da ba su da suna, da wannan adadin za a tura malamai.