DAMINAR KURMI DA KAFEWAR MOTA: A DUBA RIƘON TAYOYIN BAYA

Duk direban da ya baro Arewa ya zo neman abinci ƙasar Kurmi ya san damina a nan ba irin ta gida ba ce. A Ikko da kewayenta ruwa yakan kankama tun watan Afrilu, ya ɗan tsagaita cikin Agusta, sa'an nan ya dawo har Oktoba. 'Yan'uwanmu masu a-kori-kura da ke shiga ƙauyukan Shagamu ɗauko goro, da masu kai doya da tumatir kasuwannin Badun da Anacha, ba abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya kamar kafewa cikin jar laka. Taya ɗaya tana ta wulwulawa tana fesa taɓo, ɗayar kuwa tana tsaye bisa tsandauri kamar ba ruwanta. Kafin a sami masu turi yini ya tafi, tumatir ya fara ruwa.

Galibi laifin ba na inji ba ne. Yana cikin wannan ƙullin ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira difaransha. Aikinsa shi ne ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu in an zo kwana. In tsakanin tayoyin mita 1.5 ne, mota kuma ta juyo ta fuskanci inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 5. Amma difaransha na gama-gari yana da aibi guda: ƙarfi iri ɗaya yake ba tayoyin biyu. In wadda ke cikin santsi ba ta da abin kamawa, ita ma ta kan tsandauri ɗan abin da za ta samu ke nan.

Domin maganin wannan aka ƙago difaransha mai riƙo, wanda ake wa alama da haruffan LSD. Kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa Ferdinand Porsche irinsa a 1935 saboda motocin tsere, kamfanin Packard na Amurka kuma ya sa shi a motocin sayarwa a 1956. Ana samunsa a bayan waɗansu Toyota Hilux da Land Cruiser. Wanda ya fi yawa shi ne mai jerin faranti a ciki, irin na kuloci, waɗanda sifirin ke matsewa. Da taya ɗaya ta fara zamewa sai farantan su riƙe, su tura ƙarfi wajen ɗayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, Malam direba, yaya za ka san irin naka? Sa weji a tayoyin gaba, ka ɗaga baya duka da jak, ka sa giya a firi, ka saki birkin hannu, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, na gama-gari ne, ko kuwa farantan sun cinye ƙarƙaf. In ta bi 'yar'uwarta, mai faranti ne. A kula ƙwarai: kada a ta da inji a sa giya alhali taya ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa. Mota mai irin wannan difaransha za ta ture jak ta yi gaba, ko da akwai mutum a ƙarƙashinta.

Kafin a kwance kome a fara da mai. Difaransha mai faranti yana da nasa man giya, mai lamba GL-5 wanda kuma aka rubuta LS ko LSD a jikin galan. In an zuba masa na gama-gari sai ka ji baya yana gurnani yana fizga a kwana. Bayan an canja mai a sami fili a yi ta kewaya a hankali, hagu da dama, kamar sau 10, don man ya ratsa farantan. Sau da yawa ƙarar takan tsaya nan.

In har riƙon ya yi rauni, sai gareji. Bakaniken kirki zai fara da awo: taya ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ya sa sifana mai ma'auni ya ga yawan ƙarfin da ake bukata kafin ta sama ta motsa, ya gwada da adadin da ke cikin littafin motar. In ya gaza, sai ya tsiyaye mai, ya zare shaf biyu, ya fito da difaranshan. Zai auna kaurin kowane faranti. Waɗanda suka cinye ko suka ƙone a sake su gaba ɗaya, a jiƙa sababbin cikin mai, a jera su yadda aka tarar da tsofaffin. Matsin kuwa ana daidaita shi da waɗansu siraran zobban ƙarfe da ake kira shim. Bambancin da bai kai rabin milimita ba yana iya sauya halin mota, don haka ba aikin kintace ba ne. In an zo mayarwa kuma a daidaita haɗuwar haƙoran babbar giya da ƙaramar da ke juya ta, in ba haka ba baya zai riƙa kuka.

Ba kowane iri ne ake gyara wa matsi ba. Mai ruwa mai kauri a ciki a rufe yake ruf, in ya mutu sai sabo. Torsen kuwa haƙoran giya ke yi masa riƙo, ba jerin faranti ba. In tayarsa ɗaya ta rasa ƙasa, ɗan jan birkin hannu kaɗan yakan taimaka.

Akwai masu cewa a matse farantan tamau, ko ma a yi walda a haɗe tayoyin biyu a huta. Wannan araha ce da ba ta ado. Motar za ta fita laka, gaskiya ne, amma a kan kwalta za ta riƙa cin taya, tana ƙin shan kwana, shaf kuma yana iya karyewa in an yi lodi. Mafi muni, in an yi ruwa ka taka totur a kwana, tayoyin biyu za su zame tare, bayan mota ya wulƙito gaba. Yaran da ke zaune bisa kaya su ne abin tausayi.

Daga ƙarshe a tuna da taya. Na baya su zama girma ɗaya, iska ɗaya, domin in sun bambanta farantan za su yi ta gogayya ko a miƙaƙƙiyar hanya har su cinye. Tayar da ta suɗe kuwa babu difaranshan da zai cece ta. A yi wannan dubawa tun da rani, kafin ruwa ya sauka. Allah ya kiyaye hanya.