Takardu Biyu a Adakar Kaka

Bayan sadakar arba'in ɗin kakanmu a Talata Mafara, aka buɗe adakarsa a gaban 'ya'ya da jikoki kafin a zauna rabon gado. Can ƙarƙashin wata tsohuwar rigar saƙi muka tarar da takardu biyu, an soke su da allura mai tsatsa. Ta farko da ajami ce, rubutun hannunsa: ya karɓi rancen fam talatin da dala huɗu da sisi don sayen san noma. Wurin da sunan mai kuɗin yake, gara ta cinye. Ta biyu 'yar ƙarama ce, da Turanci, tawadar ta koɗe. Akwai sunan Kaka, sai "Dr. to", sai sunan wani mutum na Maradun, sai lambobi 30. 8. 6, a kusurwa kuma 3/11/71.

Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya san ba a taɓa gado sai an sauke bashin mamaci. To bashin wa? Nawa ne? An biya ko ba a biya ba?

Ƙanena, wanda ke sayen kaya ta intanet, shi ya fara magana. Ya ce dala dai dala ce, ta Amurka, a tambayi 'yan canji farashin yau. Ya ce ranar kuma 11 ga Maris ce, haka yake gani a rasiɗansa. Wani kawunmu ya ɗora da cewa tunda ga "Dr.", mai kuɗin likita ne. Mako guda muka yi muna cigiyar likita mai wannan suna a Maradun, babu dattijon da ya taɓa jin sa.

Goggonmu ce ta fara warware zaren ba tare da ta iya karatun boko ba. Ta ce san nan ta san shi, fari ne mai baƙin wuya, kuma bayan an gama yankan gero aka jawo shi gida. Maris tsakiyar rani ce. Sai muka gane cewa rasiɗan ƙanena na kamfanonin Amurka ne, su kuwa wata suke fara rubutawa kafin rana. Akawun da ya rubuta tamu takardar tsarin Ingila ya koya, rana kafin wata. Ashe 3 ga Nuwamba, 1971 ce, daidai da maganar Goggo.

Daga nan aka tura ni Bakura wurin wani tsohon magatakardan kotu. Na same shi a zaure kan buzu, ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Ya kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wa ya ce muku likita ne?"

"Baba, ga shi nan an rubuta."

"Wanga ba likita ba ne. Kakanka ne ake nufi."

Ya ce a harshen akawu, waɗannan haruffa biyu gajartar kalmar debtor ce, wato wanda ake bi bashi, kishiyarta kuma Cr., mai bin bashi. Akawunan kantuna da na masu sayen auduga da gyaɗa haka suke rubutawa: wane ana bin sa, wane ke bin sa. Da an biya, in ji shi, da an rubuta paid a kan takardar an sa hannu, ko a yage ta. Babu ko ɗaya. Bashi na nan.

Saura dala. Nan dattijon ya gyara zama, ya ce in lissafa da kaina. Lambobin uku fam ne da sule da kwabo. Talatin ta dace da fam talatin. Shida ta dace da sisi, wanda asalinsa sixpence ne, kwabo shida. Takwas ɗin tsakiya fa? Idan dala huɗu ta zama sule takwas, kowace dala sule biyu ke nan. Ita ce tsabar da wasu ke kira fataka. Babu ruwanta da Amurka.

Na daɗe ina mamakin yadda suna ɗaya ya rabu biyu haka. Tun kafin zuwan Turawa, fatake na shigo da azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780, Hausawa suka kira ta dala. Sunan ya samo asali daga thaler, tsabar azurfa ta wani kwari a ƙasar Bohemiya, kuma daga wannan tushe Amurka ta samo sunan kuɗinta da ta kafa a doka a 1792. Da kuɗin Ingila ya zo, mutanenmu suka ɗora tsohon suna a kan sule biyu. A Maraɗi har yau dala tana nufin sefa biyar. Mu ne muka manta tamu, muka riƙe ta baƙi, kuma wannan mantuwa tana damuna.

Lokacin da aka rubuta takardar, Ingila kanta ta riga ta bar lissafin sule tun Fabrairun 1971. Nijeriya ta ci gaba da shi har 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira ta fito a zamanin Janar Gowon: fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma, sisi kwabo biyar. Bashin Kaka ya kama naira 60 da kwabo 85.

Me ya hana shi biya? Goggo ta ce farin 1973 ya kashe san, gona ba ta ba da komai ba. Kafin Kaka ya farfaɗo, aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya tashi dubban mutane a yankin Maradun, mai kuɗin na cikinsu. Ta tuna sau biyu Kaka ya tafi nemansa ya dawo yana jimami. Da muka daina cigiyar likita muka nemi tsohon mai sayen auduga, kwana uku muka samu jikokinsa.

Naira sittin a yau ko ƙullin gishirin kirki ba ta saye, kuma ban ga yadda za a miƙa ta a ce an sauke nauyi ba. Malamin da ya yi mana rabon ya ce ƙarin da mai biya ya yi don ransa, ba da sharaɗi ba, ba riba ba ce. Magada suka amince. Ran Talata muka shiga kara, muka sayi sa fari, muka kai shi Maradun tare da takardun biyu. Washegari aka raba gado.