Shekarar da wasan ƙwallo ya ci rayukan ɗalibai a Amurka

A ƙarshen kakar wasanni ta 1905, jaridar Chicago Tribune ta ƙidaya matasa 18 da suka rasa rayukansu a filayen ƙwallo na ƙasar Amurka, ban da fiye da 100 da suka ji munanan raunuka. Da yawansu ƴan makaranta ne.

Wannan wasa ba irin wanda aka saba kallo a filin Seyni Kountché na Yamai ba ne. Ya samo asali daga rugbi na Ingila: mutum ya rungumi ƙwallo, abokansa su kewaye shi su kutsa cikin abokan karawa da ƙarfin ƙirji, wanda ya faɗi a tattake shi. Hular kariya ma ba a tilasta wa ɗaliban jami'a sanya ta ba sai a 1939.

Me ya sa jami'o'i suka kawar da kai? Kuɗɗi ne. A 1903 jami'ar Harvard ta gina filin wasa na siminti mai ɗaukar dubban ƴan kallo, kowa da tikitinsa. Nasara tana jawo suna, suna kuma yana jawo gudummawar attajirai. Don haka wasu makarantu suka riƙa ɗauko ƙarfafan samari su rubuta sunansu cikin ɗalibai, alhali ba karatu ya kawo su ba.

Ranar 9 ga Oktoba 1905, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda ɗansa yake buga wasan a Harvard, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya nemi su rage mugunta a fili. Aka yi alkawari, amma cikin watan Nuwamba Harold Moore, ɗalibin kwalejin Union, ya rasu bayan ya bugu a kai a karawarsu da jami'ar New York. Nan take jami'ar Columbia ta soke wasan, Stanford da California kuwa suka koma rugbi.

Shugaban jami'ar New York, Henry MacCracken, shi ya tara shugabannin makarantu. Ranar 28 ga Disamba wakilan makarantu 62 suka zauna, suka aza harsashin ƙungiyar da aka kafa a 1906, wadda tun 1910 ake kira NCAA. An so faɗaɗa fili domin a rage cunkoso, sai dai simintin Harvard ba ya matsawa. Shi ya sa aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu. Aka kuma ƙara tazarar da ake bukatar ci daga yadi 5 zuwa yadi 10, aka rage lokacin wasa daga minti 70 zuwa 60. Da mace-mace suka sake yawa a 1909, aka hana turawa ko jan mai riƙe da ƙwallo a 1910.

An gyara dokar fili, amma ba a taɓa maganar kuɗɗi ba. A 1929 gidauniyar Carnegie ta fitar da sakamakon bincikenta: cikin makarantu 112 da aka ziyarta, 28 kaɗai aka samu ba su ba ƴan wasa tallafi ta wata hanya. Duk da haka NCAA ta ci gaba da cewa ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, ba shi da rabo cikin abin da aka tara a ƙofa.

Sai a 2021 aka yarda ɗalibai su karɓi kuɗɗin talla da sunansu, kuma a 2025 kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan su kai tsaye. Shekara 120 ke nan bayan taron fadar Roosevelt. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi. Ɗaliban Amurka sun daɗe a matsayin kura.