Koyar da Turanci a Ƙasashen Waje: Inda Kasuwar Malaman Borno Take

A Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere da ke gab da Maiduguri, ba abin mamaki ba ne a sami matashi yana jin Larabcin Shuwa da Kanuri da Hausa, sannan ga Turancin makaranta. Ta fuskar tattalin arziki wannan jari ne, domin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne sana'a ce da ake biyan ladanta da kuɗin waje. Sai dai kafin uba ya sayar da buhunan shinkafarsa ya biya wa ɗansa kuɗin horo, ya kamata ya san takardar da zai saya da kuma kasuwar da za ta karɓe ta.

Da farko, sana'ar ta bambanta da darasin Turanci na makarantunmu. Ɗalibin Nijeriya yana cin karo da Turanci a rediyo da allunan kan titi, alhali na Njamena ko Diffa sau da yawa sai a aji yake jin sa. Don haka ake horar da malami kan yadda zai sa ɗalibi ya buɗe baki ya yi magana tun ranar farko, ba haddar nahawu kaɗai ba.

Takardun shaidar da suka fi karɓuwa a duniya su ne CELTA ta Jami'ar Cambridge da CertTESOL ta Trinity College da ke Landan. Horon CELTA kan ɗauki kimanin awa 120, wato mako 4 zuwa 5 ga wanda ba ya wani aiki, ciki har da awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai duba aiki. Wannan gwajin shi ne darajar takardar. Akwai kwasa-kwasai masu araha a intanet da ba su da shi, kuma manyan makarantu ba su cika kula su ba. Arha dai ba ta ado.

Abu na biyu shi ne kasuwa. Albashin Gabas Mai Nisa na jan hankali, amma ƙofar a ƙuntace take. Koriya ta Kudu, alal misali, ta fi bayar da bizar malamin Turanci ga 'yan ƙasashe 7: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ita kuwa Sin, a 2021 ta taƙaita harkar darussan bayan makaranta na kuɗi, abin da ya rufe guraben malamai masu yawa.

A nahiyarmu kuwa buƙatar ƙaruwa take yi. Ruwanda ta mayar da Turanci harshen koyarwa a 2008. Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. A Chadi, inda harsunan hukuma su ne Faransanci da Larabci, Larabcin kasuwar Njamena ɗan'uwan na Shuwa ne na kusa. A nan ɗan Jere ya fi Baturen Ingila, domin yana iya gane tushen kuskuren ɗalibinsa. Bugu da ƙari, kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro kan 655.957, yayin da naira ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023.

Akwai kuma hanyar gwamnati. A 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin TAC, wanda ke tura ƙwararru, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik na tsawon shekara 2. Nijeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi mutum kuma ta ba shi masauki. Wannan hanya tana buƙatar takardar ilimi mai inganci da ƙwarewar aiki, saboda haka digirin Jami'ar Maiduguri da rajista da hukumar malamai ta TRCN su ne tushe.

Har ila yau, akwai haɗarin da dole a sa a lissafi. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, Nijar kuma ta fice a Janairun 2025, don haka a bincika batun izinin zama da na aiki tun kafin a tashi. Hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala ta sha fama da rashin tsaro tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009.

Shawara ga iyaye da 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin matasa ita ce: kada a biya ko kwabo sai an tabbatar da hukumar da ta amince da cibiyar horon, an san adadin awannin gwajin koyarwa, an kuma ga yarjejeniyar aiki a rubuce daga makarantar da za ta ɗauki malamin.