BABI NA HUƊU: SHAHARA DA GWANINTA WAJEN ZAƁEN 'YAN WASA A WASAN KWAIKWAYON WAƘA NA DANDAMALI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan asali da bunƙasar wasan kwaikwayon waƙa, wato irin wasan da ake haɗa magana da waƙa da rawa a kan dandamali don isar da labari ɗaya. A wannan babi kuwa, za a dubi wata al'ada da ta zama ruwan dare a gidajen wasa na Broadway da ke New York a Amurka, da na West End da ke Landan a Ingila. Al'adar ita ce ɗauko mutumin da ya yi suna a fim ko talabijin ko waƙar faifai, a ba shi babban gurbi a wasa, ko da kuwa bai taɓa hawa dandamali ba. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, shin shahara ta fi gwaninta nauyi a wannan fage?

4.1 Dalilan Ɗaukar Taurari

Babban dalilin wannan al'ada shi ne kuɗi. Shirya wasa ɗaya a Broadway yana cin miliyoyin daloli tun kafin a buɗe labule, sannan kowane mako akwai kuɗin hayar gida da albashin 'yan wasa da makaɗa da ma'aikatan bayan fage. Mafi yawan wasannin da ake buɗewa kan rufe ba tare da sun mayar da jarinsu ba. Haka kuma, kaso mai yawa na 'yan kallo baƙi ne masu yawon buɗe ido, waɗanda ba su san 'yan wasan dandamali ba, amma sun san fuskokin da suke gani a talabijin. Saboda haka, mai zuba jari yana ɗaukar sunan tauraro a matsayin talla wadda ta riga ta shiga gidajen jama'a.

Misali mafi fitowa fili shi ne wasan Chicago na John Kander da Fred Ebb da Bob Fosse, wanda aka fara nunawa a 1975. Tun a wannan shekara aka ga tasirin suna, domin sa'ad da Gwen Verdon ta kwanta jinya, Liza Minnelli ta riƙe gurbinta na 'yan makonni, kasuwar wasan kuwa ta farfaɗo. Da Barry da Fran Weissler suka sake ɗaukar nauyin wasan a 1996, sai suka fara da ƙwararrun dandamali irin su Ann Reinking da Bebe Neuwirth. Daga baya ne suka riƙa kawo taurari bi da bi, kamar Melanie Griffith a 2003, da mawaƙi Usher a 2006, da Christie Brinkley a 2011, da Pamela Anderson a 2022. Ta wannan hanya Chicago ya zama wasan waƙa ƙirar Amurka da ya fi kowanne daɗewa a tarihin Broadway.

Sai dai ya kamata a lura da cewa wannan wasa yana da wasu siffofi da suka sauƙaƙa al'amarin. Na farko, labarinsa a kan neman suna yake, domin Roxie Hart mace ce da ta yi kisan kai, jaridu suka mayar da ita tauraruwa, alhali ba ta da wata baiwa ta a-zo-a-gani. Ke nan idan tauraruwar da ke riƙe da gurbin ba ta ƙware a rawa ba, abin ba ya ɓata ma'anar labarin. Wannan ne ya sa mai sharhi na jaridar New York Times ya yaba wa Griffith, duk da ya nuna raunin muryarta da rawarta. Na biyu, kewaye da tauraron akwai ƙwararrun 'yan rawa da mawaƙa da ke ɗauke da nauyin wasan.

4.2 Abin da Dandamali Yake Buƙata

Akwai bambanci babba tsakanin fim da dandamali. A fim ana iya maimaita fitowa ɗaya sau da yawa har ta yi kyau, ana kuma iya ɗora muryar wani a bakin wani. Masu kallon finafinan Indiya da na Hausa sun saba da wannan, inda jarumi ke motsa baki, mawaƙi kuma yana can a ɗakin naɗar sauti. Haka aka yi a fim ɗin My Fair Lady na 1964. Julie Andrews ce ta riƙe gurbin Eliza a Broadway tun 1956, amma Jack Warner ya ba Audrey Hepburn saboda sunanta, sannan aka ɗora muryar Marni Nixon a mafi yawan waƙoƙin.

A dandamali babu wannan mafaka. Bisa al'ada ana yin wasa sau takwas a mako, kowanne kuwa ya kan wuce awa biyu, ana waƙa ana rawa a gaban jama'a. Wannan yana buƙatar horon murya da juriyar jiki na shekaru. A 1994 Andrew Lloyd Webber ya soke yarjejeniyarsa da Faye Dunaway, wadda ta taɓa cin kyautar Oscar, tun kafin ta fara fitowa a wasan Sunset Boulevard a Los Angeles, bisa hujjar cewa muryarta ba ta kai abin da gurbin yake so ba. Maganar ta kai gaban kotu, daga baya aka sasanta. Haka kuma a 2001 Martine McCutcheon, wadda ta yi suna a shirin talabijin na EastEnders, ta riƙe gurbin Eliza a Landan. An yaba mata, har ta sami kyautar Olivier, amma rashin lafiya ya hana ta fitowa sau da dama, sai 'yar ko-ta-kwana ta riƙa tsaya mata.

4.3 Illolin Dogaro ga Tauraro

Illa ta farko ita ce wasan da aka gina a kan mutum ɗaya yakan faɗi da tafiyarsa. Wasan Natasha, Pierre & The Great Comet of 1812 ya buɗe a Broadway a 2016 tare da mawaƙi Josh Groban, ya kuma yi kasuwa sosai. Da Groban ya tafi a watan Yuli na 2017, sai ciniki ya ja baya. Masu wasan suka sanar da cewa Mandy Patinkin zai karɓi gurbin daga hannun Okieriete Onaodowan, wanda baƙar fata ne, tun kafin wa'adinsa ya cika. Wannan ya jawo ce-ce-ku-ce, Patinkin ya janye, wasan kuwa ya rufe a watan Satumba na shekarar. Hatta The Music Man na 2022, wanda ya tara kuɗi masu yawa, rufe shi aka yi a Janairun 2023 sa'ad da Hugh Jackman ya kammala wa'adinsa.

Illa ta biyu ta shafi 'yan wasan da suka yi shekaru suna koyon sana'ar. Duk gurbin da aka ba baƙo, an hana wa ɗan gida ne, sau da yawa kuma ɗan gidan ne za a ajiye a matsayin ɗan ko-ta-kwana. Illa ta uku kuwa ita ce tsadar tikiti, domin albashin tauraro daga aljihun ɗan kallo yake fitowa, wanda hakan ke nisanta masu ƙaramin ƙarfi daga gidajen wasa.

4.4 Inda Shahara da Gwaninta Suka Haɗu

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk mai suna ba shi da baiwa. Hugh Jackman ya yi wasannin waƙa a Ostireliya da Landan kafin duniya ta san shi a fim, ya kuma ci kyautar Tony a 2004 da wasan The Boy from Oz. Daniel Radcliffe, jarumin finafinan Harry Potter, ya shiga wasan waƙa a Broadway a 2011, ya ci gaba da gogewa har ya sami Tony a 2024. Nicole Scherzinger ta ƙungiyar mawaƙa ta Pussycat Dolls ta sami Olivier a 2024 da Tony a 2025, a gurbin nan dai na Sunset Boulevard da aka hana wa Dunaway.

Wasan Funny Girl na 2022 ya fi kowanne fito da wannan batu, domin an gwada taurari biyu a gurbi ɗaya cikin shekara ɗaya. Beanie Feldstein, wadda aka sani a fim, ta fara riƙe gurbin Fanny Brice, amma masu sharhi suka ga muryarta ba ta ɗauki waƙoƙin da Barbra Streisand ta rera a 1964 ba, ciniki kuma ya yi ƙasa. A watan Satumba Lea Michele ta shirin Glee ta karɓa. Ita kuwa tun tana yarinya take wasa a Broadway. Nan da nan gidan ya cika, wasan ya mayar da jarinsa kafin ya rufe a 2023. Duka biyun suna da suna, abin da ya raba su shi ne dacewar murya da gurbin. Hausawa dai na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daɗin daɗawa, wasu daga cikin wasannin da suka fi daɗewa ba su dogara ga taurari ba. The Phantom of the Opera ya yi shekara 35 a Broadway, daga 1988 zuwa 2023, The Lion King kuma yana nan tun 1997. A irin waɗannan, wasan ne kansa ya zama abin da jama'a ke zuwa gani.

4.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa shahara da gwaninta kowanne da aikin da yake yi. Shahara ita ke sayar da tikiti a makonnin farko, ita ce kuma ke kwantar da hankalin masu zuba jari. Gwaninta kuwa ita ke sa ɗan wasa ya jure fitowa takwas a mako, ta kuma sa ɗan kallo ya gaya wa wani ya zo. Shahara takan rinjayi gwaninta ne a gurbin da bai da wuyar waƙa, kuma na ɗan gajeren wa'adi, kamar yadda aka gani a Chicago. Amma a gurbin da wasa gaba ɗaya ya rataya a kan muryar mutum ɗaya, kamar na Fanny Brice, suna kaɗai bai wadatar ba. A babi na gaba za a dubi yadda gasannin talabijin, irin wadda BBC ta shirya a 2006 don zaɓar jarumar The Sound of Music, suke ƙirƙiro wa sababbin 'yan wasa suna tun kafin su hau dandamali.