Batirin Tocila: Mai Suna Ko Mai Araha?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, ko Bakori da Ɗanja da Ƙafur, ya san cewa da zarar an idar da sallar isha'i, ba abin da maigida yake laluba kamar tocila. Da ita yake zagaya rumbu da turken shanu, da ita ake raka yaro bayan gida, da ita kuma ɗalibi yake ƙarasa bitar da rana ta hana shi. Tocila kuwa ba ta da rai sai da batir. A nan ne gardamar da ake yi kullum a gaban teburin ɗan tireda take tasowa: a sayi mai suna mai tsada, ko a sayi mai araha a riƙa sauyawa?

Wanda yake zaune a birni zai iya ɗaukar wannan ƙaramar magana ce. A wannan yanki ba haka ba ne. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci suka zauna a Malumfashi suna binciken cututtukan karkara, kuma cikin rahotannin da Pugh da Theakston da abokan aikinsu suka buga a 1980 har da na saran maciji. Sun nuna yadda kumurci mai tsartuwa ya addabi mutanen yankin, macijin da aka san shi da shiga gidaje da dare yana neman ɓera da kwaɗo. Ga kunama lokacin bazara. Sa'an nan ga matsalar 'yan bindiga da ta sa mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara barci da ido ɗaya. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, jama'a da yawa sun koma wa rediyo da tocila, su biyun kuwa batir suke ci. Tocilar da ta mutu da ƙarfe biyun dare a irin wannan wuri ba abin dariya ba ce.

Dattawa suna tuna zamanin Berec, wanda aka riƙa yi a nan Nijeriya kafin masana'antarsa ta durƙushe. Yau kasuwar tana hannun batiran ƙasar Sin, musamman Tiger Head, mai hoton kan damisa, wanda ake yi a birnin Guangzhou. A manyan kantuna kuma ana samun Duracell da Energizer na kamfanonin Amurka, waɗanda kuɗinsu ya ninka na sauran. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, duka biyun sun yi tashin gwauron zabo, domin daga waje ake shigo da su.

To, abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bambancin ba a sunan yake ba, a cikin batirin yake. Iri biyu ne. Na farko, watau mai arahar, tsohuwar fasaha ce da ta samo asali daga wani Bafaranshe, Georges Leclanché, a 1866. Gwangwaninsa na tutiya ne, da sandar gawayi a tsakiya, wadda yara kan fasa su ciro. Na biyu shi ne alkalin, wanda Lewis Urry ya inganta a kamfanin Eveready, ya shiga kasuwa a 1959. Dukansu ƙarfinsu ɗaya ne lokacin da suke sababbi, bolt 1.5, saboda haka ranar farko haskensu ba ya bambanta. Sai an kwana biyu ake gane wane ne wane.

Mai saye zai iya rarrabe su ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya juya batirin ya duba lambar da ke jikinsa. Babba na tsohuwar tocila, in an rubuta R20, na tutiya da gawayi ne. In an rubuta LR20, alkalin ne. Haka ƙarami mai kamar yatsa, R6 ko LR6, da ƙanensa R03 ko LR03. Wannan harafi na L shi ne abin da ake biyan kuɗi a kansa. Kalmomin Turanci na kirari da ake mannawa, masu cewa batirin na aiki mai nauyi ne, ba su mai da shi alkalin ba. Bugu da ƙari, alkalin ya fi nauyi a hannu, abin da duk mai awon hatsi zai ji nan take.

Wajen daɗewa, alkalin yakan ninka na gawayi sau biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, idan abin da aka sa shi ciki mai jan wuta ne sosai, kamar tsohuwar tocila mai ƙwai ko babbar fitilar masu sintiri. Amma idan ƙaramin rediyo ne, ko agogon bango, ko ƙaramar tocilar zamani mai ƙwayoyin LED da ake kunnawa minti biyar a kashe, tazarar takan ragu, domin batirin gawayi yana farfaɗowa kaɗan idan aka bar shi ya huta. Lissafin ke nan da ya kamata ɗalibi ya yi wa mahaifinsa. A ƙaddara mai suna ya ninka mai araha sau huɗu a kuɗi, amma sau biyu kawai a aiki: a nan mai araha ya yi nasara, kuma manomin da ya zaɓe shi ba jahilci ya yi ba. Ballantana ma mutumin da sai ya sayar da tiyar masara zai sami kuɗin cefane, ba ya iya zuba kuɗin mako uku a batir rana guda, ko da ya san haka ya fi sauƙi a ƙarshe.

Sai dai araha ba ta ado. Gwangwanin tutiyar nan shi kansa yana cikin abin da ke cinyewa yayin da batirin yake aiki, shi ya sa in ya tsufa yakan huje, ruwansa ya tsiyayo ya ci ƙarfen tocila. Alkalin ma yana yoyo in an manta da shi, amma ya fi jure ajiya: yakan yi shekara biyar ko fiye, na gawayi kuwa biyu zuwa uku, a wuri mai sanyi ke nan. Batirin da ya yi watan Afrilu a kan tebur cikin ranar kasuwar Funtua ya fara mutuwa tun kafin a saye shi. Al'adar nan ta shanya mataccen batir a rana kuwa, gaskiya ne zafi yakan sa ya ɗan yi haske na 'yan mintoci, amma ba caji ba ne, kuma yana gaggauta yoyo. Haɗa sabo da tsoho a tocila ɗaya ma asara ce, domin tsohon yana janyo sabon ƙasa.

Wanda ya fi kowa faɗuwa shi ne mai sayen jabu, watau batirin gawayi da aka yi wa rigar babban kamfani. Ya biya kuɗin doki an ba shi jaki. Har shi kansa mai kan damisar, da yake sunansa ya kafu, ana kwaikwayonsa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ita ce doka ta ɗora wa alhakin tantance irin waɗannan kaya, amma a ganin wakilinmu ba za a jira jami'inta ya zo kowace kasuwar ƙauye ba. Mai saye ya duba ranar ƙarewar aiki, ya ji nauyi, ya kuma yi shakkar duk mai sunan da aka karyar masa da farashi fiye da kima.

Tocilar caji da mai amfani da hasken rana sun rage wa batir kasuwa, wannan ba shakka. Amma ta caji sai da wuta, ko a kai ta shagon masu caji a biya, ta rana kuwa takan yi rauni a watan Agusta idan hadari ya kwana uku bai waye ba, daidai lokacin da ciyawa ta rufe hanya macizai suka yawaita. Shi ya sa ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye, malamin makaranta ne ko jami'in gona ko na asibiti, zai kyauta wa kansa idan ya bar mai araha a rediyo da fitilar tsakar gida, ya kuma ajiye alkalin guda biyu na ainihi a leda, a wuri mai inuwa, ba a cikin tocilar ba, domin daren da za a buga masa ƙofa.