Taura biyu ba ta taunuwa

Yau za mu duba wani kuka da sababbin masu karatu suke yawan yi. Mutum ya bi layi harafi bayan harafi har ƙarshe, amma in an tambaye shi abin da layin ya ce, sai ya yi shiru. Wasu har su bar aji, wai kansu ya tsufa. To, ba tsufa ba ne.

Ƙwaƙwalwa tana da ma'aji iri biyu. Akwai babba kamar rumbu, inda sunayen dangi da hanyar gona suke kwance shekara da shekaru. Akwai kuma ƙarami kamar tafin hannu, wanda yake riƙe abin da ake aiki da shi yanzu yanzu. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ce tafin nan yana ɗaukar abu kamar 7. A 2001 Nelson Cowan ya sake aunawa, ya ce bai fi kamar 4 ba.

Mu je Kasuwar Dole ta Damagaram. Mai awo yana zuba gero a buhu, ya kai tiya 9. Sai wani ya yi sallama ya tambayi kuɗin tiya 3. Ya lissafa da dala, ya ba shi amsa, ya juyo kan buhu. Tiya 9 ce ko 10? Ƙidayar ta zube, don lissafi ya ture ta daga tafin. Hankali ba ya tsayawa wuri biyu. Tsalle yake yi tsakaninsu, kuma kowane tsalle da hasararsa. Rigimar awo da yawa daga nan take tashi, ba daga cuta ba.

Wani zai ce, ai mata suna lugude suna hira, baduku a Birni yana ɗinkin jaka yana ba da labari. Gaskiya ne. Amma hannunsu ya saba, aikin ba ya neman wuri a tafin. Ku ba badukun nan sabon zane, ku ga yadda bakinsa zai mutu. Ɗan kabu-kabu mai waya a kunne kuwa ruɗin kansa yake yi: tuƙi ya saba da shi, amma yaron da zai faɗo titi ba a sabawa da shi.

Haka karatu yake. A 1974 masana biyu, LaBerge da Samuels, sun bayyana cewa sabon ɗalibi yana ƙarar da hankalinsa wajen gane haruffa, ba ya rage komai don ma'ana. Sai haruffa sun zame masa kamar taɓarya a hannun mai daka, sannan labarin zai shiga.

Saboda haka malamai, kada ku yi gaggawar buɗe sabon shafi. Ɗalibi ya maimaita ɗan gajeren labari sau 3 ko 4 da baki, kana a tambaye shi ma'ana. A gida ya nemi wuri marar hayaniya, ya kashe rediyo, ko da mu ne muke magana. Mai awo kuma ya ajiye ɗan littafi kusa da tiya, duk tiya 5 ya ja layi ɗaya kafin ya amsa sallama.